Fuskar da Marka Ba Ta Duba Ba

Duk wanda ya taɓa kai ciwon hanci gidan Marka a Fakku ya san ba a karɓar magani a tsaye. Sai ka zauna a kan turmi a tsakar gida, inda haske yake, ta kama haɓarka ta ɗaga kamar mai tayin akuya. Ta danna babban yatsa a kumatunka, ta danna saman gira, ta ce ka sunkuya ka faɗa mata inda nauyin ya taru. Daga nan ta buɗe maka ido da yatsu biyu ta leƙa, ta sa ka bi yatsanta dama da hagu. Dattijo ne kai ko amarya, ba ruwanta. In ta gamsu, sai ta ƙulla maka ganyen dogon yaro da tazargade da kanumfari na sirace, ka tafasa ka lulluɓa da bargo ka shaƙi tururin har gumi ya karyo maka. Ta ƙara da ɗan garin habbatus sauda na shaƙe, ta koya maka jan ruwan gishiri mai ɗumi ta hanci. In kuwa ta ga fatar ido ta tasa, ko da kamar cizon sauro ne, to ko ganye ɗaya ba za ka fita da shi ba.

"Wanga ya wuce ni," haka take cewa. "Ciwon da yah hau ido ba a yi mai sirace. Tashi ka tafi asibiti tun da sauran rana."

Mutane su yi ta guna-guni, su ce tsohuwar ta cika fi'ili, amma dai su tafi.

Fuska ɗaya ce a duniya Marka ba ta taɓa kamawa ta duba ba, ita ce ta Nu'umanu, ɗanta na fari. Ɗan fari ai ba a kallonsa, ba a kiran sunansa, ba a nuna an san da zamansa. Haka ta tarar ana yi, kuma a wannan fannin ta fi uwar da ta haife ta. Tun da aka yaye shi, wan mijinta, Malam Attahiru, ya ɗauke shi zuwa Tambuwal, can ya yi karatu, can ya yi aure. In ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta juya wa bango fuska ta amsa a taƙaice kamar mai ciwon haƙori. In dole ta sa a ambace shi, ta ce "na Tambuwal". Matan unguwa da ita suke wa 'ya'yansu misali in ana maganar kara, kuma kada a yi mata ƙarya, tana jin daɗin yabon.

Fuskar ce ba ta sani ba, amma muryar ta san ta fiye da tata. Nu'umanu shi ke jan baƙi a tafsirin Malam Attahiru duk azumi: shi ya karanto aya, Malam ya fassara. Bube, ƙanen Marka, ɗan kabu-kabu ne mai zirga-zirgar Tambuwal ranar kasuwa, kuma yakan ɗauko karatun a wayarsa. Ya san halin yayarsa sarai, don haka ba ya cewa zo ki ji. Sai ya zauna a inuwar rumfa ya ƙure ƙarar wayar wai don kansa, ita kuma ta ba shi baya tana tankaɗen gero, kunnenta gaba ɗaya yana can.

Azumin bana ya zo cikin zafi mai gasa ƙwaƙwalwa. Ran da Bube ya fara kunna karatun, hannun Marka ya tsaya a kan rariya. Muryar da ta saba fita tar, yau kamar daga cikin tulu take fitowa. Yana yanke aya inda ba a yankewa, ya ja numfashi ta baki. A wani wurin ma ya yi shiru har sai da Malam ya fara fassara don ya rufa masa asiri.

"Bube, wayag ga taka ruwa tash sha?"

"Waya lafiya lau take, Yaya. Mai karatun na ba lafiya. Tun kafin azumi mura tak kama shi, taƙ ƙi sakinai. Yanzu hancin ya toshe, abin da ka fita kore shar, ga wari. Ya ce in yay yi sujada ji shika yi kamar an cika mai goshi da duwatsu."

Marka ta san abin da ya kamata ta ce: a kawo shi in gani. Ta faɗa wa ɗaruruwan mutane wannan maganar ba tare da ta yi tunani ba. Amma da wane baki uwar ɗan fari za ta faɗe ta? In ma ya zo, a gaban wa za ta kama haɓar mutum mai gemu, wanda ko ƙwayar idonsa ba ta taɓa kallo ba? Ta ce, "Allah shi sawwaƙe," ta ci gaba da tankaɗe har garin ya ƙare. Sannan ta shiga ɗaki ta ƙulla ganyen sirace da garin shaƙe, ta fito ta ajiye kusa da ƙafar Bube.

"Ka kai ma matar na Tambuwal. Ka ce sai an sha ruwa, don malamai sun ce tururi na karya azumi."

Tun da ta gaji sana'ar daga uwarta ba ta taɓa ba da magani a makance ba sai ranar. Ta lallashi kanta da cewa mura ce kawai, kuma mutum ne mai jini a jika.

Da kasuwa ta zagayo, Bube ya dawo da la'asar sakaliya yana washe baki. Ya tarar da gidan cike da mata ana dakan kunun shan ruwa, har da Kulu, maƙwabciyar Marka kuma abokiyar tsokanarta tun suna amare.

"Yaya, maganinki ya yi aiki!" in ji shi tun kafin ya kafe mashin. "Ya taso da ciwon. Duk ya tattaro shi wuri guda, idon hagu ya kumbura suntum. Malam ya ce alama ta ciwon na biɗar hanyar fita. Sun ce a ƙaro, mai ƙarfi."

Tambayoyi suka cika wa Marka baki: idon yana buɗuwa, yana juyawa, akwai zazzaɓi, yana gane mutane? Kafin ɗaya ta fito, Kulu ta dafa taɓarya ta sheƙe da dariya.

"Ku dube ta don Allah, ko gezau! Wallahi Marka, kara ta ƙare gare ki. Ni da nawa na anka ce idonai ya kumbura, da yanzu ina bisa hanya ko kallabi babu."

Mata suka ɗauka, kowa na tofa albarkacin bakinta, wai irin su Marka sun ƙare a zamanin nan da uwa ke kiran ɗan fari a waya tana tambayarsa me ya ci. Da wannan yabon suka ɗinke mata baki. Ta sunkuyar da kai, ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar da turmi take yi.

"Ciwon da yah hau ido, ai asibiti aka kai shi."

"Malam ya ce bayan Salla, in bai sauka ba," in ji Bube yana kaɗe ƙurar wandonsa. "In anka kwantar da shi yanzu, wa za ya ja mashi baƙi? Ke dai ba ni maganin."

"Ya ƙare."

Bai ƙare ba, buhu guda ne a bayan ƙofarta. Dabararta ke nan: in ba magani, dole su nemi likita, ita kuma ba ta zubar da girmanta a gaban Kulu ba. Ta ɗauka ta aika saƙo. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, kuma saƙon da ba a faɗa ba babu mashin ɗin da zai kai shi Tambuwal.

Kwanakin da suka biyo baya Marka ta zama wata iri. Ta zuba gishiri a kunu. Wani manomi daga wajen Kebbe ya zo da toshewar hanci, ta riƙe haɓarsa ta yi ta kallon idonsa har mutumin ya tsargu ya tambaya ko ta ga wani abu ne. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa.

Sai wata yamma Bube ya shigo ya zauna a rumfa bai kunna komai ba. Ta tankaɗe gero, ta sake tankaɗe wanda ta riga ta tankaɗe, wayar dai shiru.

"Yau ba karatu?"

"Wani ka ja yanzu."

Ta ajiye rariyar. "Shi fa, na Tambuwal ɗin?"

"Shina kwance. Amma na yi waya da Raihanatu, ta ce da sauƙi ƙwarai. Ya bar kukan ciwon kai. Kwana kawai shika yi, sai an tashe shi salla."

Raihanatu ita ce matar Nu'umanu, yarinya mai hankali, amma ina ta san wannan? Marka ta sani. Mutumin da ke ihu da ciwon kai yana nan tare da kai. Wanda ya yi shiru ya koma barci da rana tsaka, ido a kumbure, shi ne abin tsoro.

"Kanumfarina ya ƙare," ta ce. "Gobe da safe ka kai ni Tambuwal in saya da kaina. Wanda kaka sawo min duk ƙaiƙayi na."

"Gobe ai ba kasuwa, Yaya."

"Na tambaye ka?"

Ka ji fa. Har a wannan gaɓar sai da ta nemi kanumfari ta ɓuya a bayansa.

Suka kama hanya da sassafe, amma kafin su yi nisa rana ta buɗe. Gonaki fayau, ba komai sai kututturen dawa da awaki masu neman inuwa. Bube na ta ba ta labarin tsadar mai. Hantsi ya ɗaga sosai suka isa ƙofar gidan Malam Attahiru.

Tun daga zaure warin ya tare ta, warin da ta fi sani a duniya: dafaffen dogon yaro da tazargade. A bakin magudanar tsakar gida ga tulin ganyen da aka tafasa aka zubar, na jiya a kan na shekaranjiya, har ya yi baƙi. Wanda ta aiko bai kai rabin rabin wannan ba.

Ladabi ya sa ta wuce ɗakin Hajiya, uwargidan Malam, wadda ta goyi Nu'umanu. Aka shimfiɗa tabarma, aka shiga gaisuwa: gajiya, azumi, zafi, mutanen Fakku ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka mutu bara. Marka na ta amsawa. Can Raihanatu ta shigo ta durƙusa, fuskarta ɗauke da murnar wadda ta yi abin kirki.

"Inna, da Kawu Bube yac ce maganin ya ƙare, sai nid duba sauran nig gane abin da ac ciki. Nis sawo irinsu nih haɗa. Ban taɓa fashi ba, bayan shan ruwa da kafin sahur. Har shaƙen nika ƙara mai, don shi fito da sauri."

"Allah shi yi miki albarka," in ji Marka.

Da aka faɗa wa Nu'umanu wadda ta zo, ya ce sai ya tashi ya gaishe ta. Marka ta ji tafiyar tun daga nesa, ana jan ƙafa, Raihanatu na cewa a hankali. Kamar kullum ta juya wa bango fuska. Kamar kullum kuma ta saci kallon ƙafafunsa ta gefen ido, don ƙafafun nan ta san su fiye da fuskar. Takalmi ɗaya ne a ƙafarsa, kuma bai san ɗayan babu ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa lulluɓe da tawul.

"Inna, kun zo lafiya? Ƙaƙa hanya? Ƙaƙa mutanen gida?"

"Lafiya lau."

Hannunsa yana lalube a ƙasa, kamar mai neman inda zai dafa.

"Inna, kun zo lafiya?" ya sake cewa, da murya irin ta ɗazu, kalmomin na jan juna. "Ƙaƙa hanya?"

Marka ta juyo. Ta tashi ta taka har bakin ƙofa, ta yaye tawul ɗin, ta kama haɓarsa ta ɗaga zuwa haske. Hajiya ta ce, "La'ilaha illallahu," Raihanatu ta rufe baki da mayafi. Shi kansa, duk da halin da yake ciki, sai ya yi ƙoƙarin sunkuyar da kai don kunya. Ta riƙe gam.

Jikinsa zafi rau. Idon hagu ya turo waje kamar ƙwan kaza, fatar ta yi ja tana sheƙi, kumburin ya gangaro har kumatu. Ta buɗe shi da yatsu biyu, ta wuce da yatsanta dama da hagu. Ƙwayar ba ta motsa ba.

"Mi kaka gani da wanga?"

"Ba komai, Inna."

Na dama ya bi yatsan, amma a kasalance, kuma fatarsa ta fara tasawa. A nan ne ta ga yana da girar mahaifinsa, ta ga furfura ta fara tsirowa a gemunsa. Ɗanta har ya fara furfura, ita ba ta taɓa ganin fuskarsa da kyau ba sai yau da ta lalace.

"Malam!" ta ƙwala kira, ita da ko gaisuwa ba ta ɗaga murya a gaban wan mijinta. "Malam, a samo mota!"

Malam Attahiru ya shigo daga zaure da sauri, carbi a hannu, Bube na bayansa. Ya dubi Marka riƙe da fuskar ɗanta na fari, ya ma rasa wanne zai fara mamaki.

"Marka, lafiya? Ai sauƙi ya samu. Tasowa ta ciwon yay yi."

"Ba tasowa ba ta. Ciki yash shiga."

Dattijon ya matso ya dubi idon. Da ya sake magana muryarsa ta yi sanyi, ba faɗa a cikinta, kuma da ya yi faɗan da ya fi mata sauƙi.

"Da maganin wani na, wallahi da tuni mun kai shi. Munka ce daga hannunki yaf fito, kuma Bube ya faɗa miki idon ya kumbura, ba ki aiko da wata magana ba. Munka ce in da matsala, ke za ki fara faɗi."

Ta buɗe baki za ta ce ai na faɗa. Sai ta tuna wa ta faɗa wa, da irin muryar da ta faɗa. Ta rufe bakinta. Bube ya kafa wa ƙasa ido.

A asibitin garin likita bai ɓata lokaci ba. Ya haska idon, ya tambayi tun yaushe yake haka, kowa ya dubi ɗan'uwansa. Ya yi masa allura, ya ce ciwon ya bi ta bayan ido yana neman ɗayan, kuma daga nan zuwa ƙwaƙwalwa ba nisa. Su wuce Sakkwato yanzu, kada su biya gida ɗaukar ko tabarma. Ya miƙo ƙwayoyi ya ce a ba shi da ruwa mai yawa, jikinsa ya bushe. Nan Nu'umanu ya datse haƙora. Bai san ranar da ake ciki ba, bai san a ina yake ba, amma ya san yana azumi, kuma tun da ya balaga bai taɓa sha ba. Malam da kansa ya durƙusa ya karanta masa ayar da ta yi wa mara lafiya rangwame, ayar da shi Nu'umanu ya ja da bakinsa a farkon watan. Ya girgiza kai kawai, ya ce saura kaɗan a kira.

Sai dab da la'asar aka samu motar wani maƙwabci. Malam a gaba kusa da direba, Raihanatu a gefe tana kuka ba sauti, Marka a baya da kan ɗanta a cinyarta, a gaban kowa. Tana riƙe da gorar ruwan da likita ya ba su, tana jiƙa gefen mayafinta tana goga masa a goshi.

Sun wuce Dogon Daji ke nan, la'asar ba ta daɗe da yi ba, rana ta karkato tana shigowa ta gilashi kai tsaye kan fuskarsa. Ya motsa.

"Inna."

"Na'am."

"An yi kira? Ban ji ba."

"Kiran mi?"

"Magariba. Na ga duhu ya rufe."

Ta duba. Idon dama a buɗe yake, yana fuskantar rana, ko ƙiftawa ba ya yi. Ta wuce da tafin hannunta a gabansa, ta sake wucewa. Raihanatu ta cusa mayafi a baki. Malam Attahiru ya juyo daga gaba zai yi magana, mutumin da duk Tambuwal ba wanda ya taɓa jin ƙarya a bakinsa. Marka ta dube shi ido cikin ido har ya mayar da fuskarsa ga hanya.

Ta buɗe gorar, ta tallafo kan ɗanta.

"An yi," ta ce. "Sha."

Ya karanta addu'ar buɗa baki a hankali, bai tsallake ko kalma ɗaya ba. Sannan ya sha, rana na dukan fuskarsa, direba ya ƙara wuta.